Ƙofar da Na Rufe a Hawa na Bakwai

Litinin, da hantsi

Yau ban je otal ba. Na tashi a lokacin da na saba, na goge rigar aikina, har na sa takalmi ƙafa ɗaya, sannan na tuna an ce in zauna a gida sai an neme ni. Na cire takalmin na tura shi ƙarƙashin gado.

Maigidana yana bakin ƙofa zai fita wajen waldarsa, ya juyo ya ce, "Manaja, yau ba aiki?" Haka yake kirana tun ranar da na ce masa wata rana otal guda zan riƙe. Na ce an ba ɗalibai hutu. Ya ce, "Ku dai kun more. Mu ƙarfe bai san hutu ba." Ya yi dariya ya tafi. Ban taɓa kallon idonsa na yi masa ƙarya ba sai yau, kuma abin da ya tsorata ni shi ne yadda ta fito ba gargada.

Na ɗauko littafin da nake karantawa, wanda yarinyar take aiki a wani ofis mai bangon gilashi. Ban yi nisa ba na ajiye. Sai jan hannun rigata nake ƙasa, alhali ba kowa a gidan.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko zuciyata ta daina zagaye wuri ɗaya.

Kwas ɗin aikin otal a kwalejinmu hanya biyu gare shi. Akwai hanyar aji: ki zauna a benci, ki rubuta jarrabawa, in kin ci ki wuce gaba da karatu. Akwai kuma hanyar aiki: rabin shekara a aji, sauran a otal na gaske, kuma sai shugabar da kika yi aiki a ƙarƙashinta ta shaida kin kammala kafin a ba ki satifiket. In ba ta shaida ba, shekarar ta tafi a banza.

Maigidana hanyar aji ya so mini. Ni na kafe a kan ta aiki. Na ce masa ƴan hanyar aiki ake fara ɗauka, kuma gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne ina son in taka irin wuraren da nake karantawa, masu kafet ɗin da ƙafa ke nutsewa a ciki, da labule har ƙasa. Na roƙa, na yi fushi, na yi kuka, kafin ya ce, "To, Manaja, Allah ya ba da sa'a."

Sai ga ni a hawa na bakwai da bokiti da buroshin wanke banɗaki. Ban damu ba. Wallahi ban damu ba. Ina son ƙamshin zannuwan gado in an fito da su daga guga. Ina son yadda ɗaki ke komawa kamar ba a taɓa kwana a cikinsa ba. Saura ƙiris in gama.

Talata, da safe

Ba su kira ba.

Talata, azahar

Ranar da muka fara, shugabar masu gyaran ɗakuna ta jera mu a ɗakin ajiye zannuwa. Anti Makulli muke ce mata, saboda tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunta. Ta ce, "Duk ɗakin da kika shiga, ƙofa a buɗe, keken kayanki a gicciye a bakinta. Ba don baƙo na faɗa ba, don ke na faɗa. In an yi miki sharri, mai wucewa ya gani. In kin yi ihu, a ji." Ta sa muka maimaita kamar ƴan firamare. Tana juya baya muka yi ta ƙyalƙyala dariya.

Ranar Alhamis da ta wuce na rufe ƙofar.

Ɗakin ƙarshe ne, mai kujera mai laushi a gaban taga. In ka zauna a kanta gari duka yana ƙarƙashinka, motoci kamar ƙwari. Na gama gyara, baƙon ya fita tun safe. Na jawo keken ciki, na tura ƙofar, na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. So nake in ji yadda suke ji, su matan littafi, in suna zaune suna jiran a kawo musu shayi. Ba na jin na daɗe.

Sai na ji ƙofar ta yi ƙit.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Laraba, da yamma

Ƙawata Ƴar Firit ta biyo daga otal. Ajinmu ɗaya, hawanmu ɗaya, kuma ita ce mai kwaikwayon muryar Anti Makulli. Yau ba ta kwaikwayi kowa ba. Ta zube a kujera ta ce, "Ke, uwar mafarki, kin jawo mana. Yanzu ko numfashi za mu yi sai ƙofa a buɗe."

Na ce ta faɗa mini abin da ake cewa.

Ta ce baƙon ya kai ƙara agogonsa ya ɓace. An duba kyamarar baranda. An gan ni na ja keke ciki na rufe ƙofa. An ga ya shiga. An ga na fito da gudu na bar keken a ciki. Ta ce, "Tambayarsu ɗaya ce: in ba ki ɗauki komai ba, me ya sa kika gudu?"

Na ja hannun rigata ƙasa.

Ta ce, "Ni dai na san ko allura ba za ki ɗauka ba. Ke da ko alewar da ake ajiye wa baƙi kunyar kallo kike." Sannan ta ƙura mini ido ta ce, "Wai wannan zafin da ake, ke kuma riga mai dogon hannu?" Na ce sanyi nake ji. Ta ce, "Sanyi." Ba ta ƙara ba. Da za ta tafi ta rungume ni fiye da yadda ta saba.

Alhamis, da hantsi

Na wanke kwanuka. Na wanke hannuna. Na share tsakar ɗaki. Na sake wanke hannuna.

A littafi, a nan ne wani babba zai fito daga lif, na'urar hawa bene, ya ce shi ya ga komai. Na san wauta ce. Amma duk lokacin da waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, ina zaton shi ne, mutumin da babu shi.

Juma'a, bayan azahar

Malamar da ke kula da ɗalibai masu koyon aiki ta kira ni kwaleji. Ofishinta ƙarami ne, fanka na juyawa tana kaɗa hotunan tsoffin ɗalibai da ke manne a bango, kowa cikin rigar wani otal, kowa yana murmushi.

Ta ce, "Zauna, ƴata. Kin rufe ƙofar?"

Na ce eh.

"Don me?"

Na ce don in zauna a kujera. Ta cire tabaranta ta dube ni. Ina jin da na ce mata sata na yi da ta fi gane mini.

Ta bayyana mini inda nake tsaye. In otal ba su mayar da ni ba, Anti Makulli ba za ta iya shaida mini ba. Sauran otal-otal ɗin da kwaleji ke hulɗa da su duk sun cika da ɗalibai. Hanyar aji kuwa ba a shiga tsakiyar shekara, sai dai in jira baɗi in faro daga farko, tare da yara sabbin shiga.

Sannan ta rage murya ta ce, "Akwai abin da ya faru a ɗakin nan da ba ki faɗa ba?" Na ce babu. Ta ce, "Na daɗe ina wannan aikin. Ba ke ce ta farko da ta fito da gudu ba." Na sake cewa babu. Ta mayar da tabaranta.

A hanyar fita na wuce ta ajin ƴan hanyar aji. Suna zaune suna kwafar abu daga allo, ɗaya tana gyangyaɗi. A da ina yi musu kallon waɗanda ba su san duniya ba.

Asabar, da safe

Ya ce, "Manaja, hutun nan naku ya fi na ƴan firamare tsawo."

Sai na faɗa masa rabi. Na faɗa masa agogo, na faɗa masa kujera da ƙofa. Ya ajiye kofin shayinsa ya yi ta kallona, sannan ya bushe da dariya. Ya ce, "Kujera? Duk wannan a kan kujera? Ai da kin faɗa da na ƙera miki wadda ta fi ta, har da wurin ɗora ƙafa." Da ya ga ban yi dariya ba ya daina. Ya ce, "Matata ba ɓarauniya ba ce. Su bincika har su gaji." Ya kamo hannuna zai lallashe ni, na fizge ban sani ba. Ya dubi hannun nasa kamar shi ne ya yi laifi. Ya ce, "Ƙarfe ya sa sun yi kaushi ko?" Na ce eh.

Ban san yadda zan yi da mutum mai kirki haka ba.

Lahadi, da yamma

Yayarsa ta zo. Tun farko ba ta so hanyar aikin ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ya riga ya faɗa mata zancen agogo, don shi ba ya iya riƙe magana a gabanta.

Ta ce, "Amaryarmu manajan otal, an ce an sallamo ki."

Na ce, "Ba a sallame ni ba, Yaya, ana bincike ne."

"To, Allah ya sa a binciko alheri. Ni dai na faɗa tun ran farko. Mace da aurenta tana shiga ɗakunan mazan da ba ta sani ba, tana gyara musu shimfiɗa. Wannan karatu ne?"

Ya ce, "Yaya, aiki ne kamar kowane aiki."

Ta ce, "Kai rufe mini baki, kai da ko ce maka ta yi za ta koyi tuƙin jirgi sai ka je nemo mata hula." Har ni sai da na murmusa. Ta hango littattafaina a kan tebur ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu ta ce, "Ga malamanta nan." Ba da mugunta ta faɗa ba, wannan ne ya fi ciwo. Da za ta tafi ta ce in abin bai yiwu ba in zo shagonta na ɗinki, tana neman mai sa maɓalli.

Litinin, da safe

Ba su kira ba. Na wanke hannuna.

Laraba, azahar

An ga agogon! Ƴar Firit ce ta kira, tana haki, daga ɗakin zannuwa. Ta ce baƙon ya riga ya bar gari, ya aiko cewa ya gan shi a aljihun jakarsa, a bar maganar. Ta ce, "Ke, fito da rigarki ki goge!"

Na fito da ita. Na goge ta har sau biyu. Na buɗe tagogi, na kunna rediyo, na ɗauko littafina na karanta har yarinyar ta samu ƙarin girma a ofis. Na yi alwala na yi godiya. Gobe ko jibi zan koma. Ba zan ƙara ko kallon kujerar nan ba.

Alhamis, da hantsi

Anti Makulli ce ta kira da kanta. Ta ce, "Ƴar nan, agogo bai taɓa zama damuwata ba. Ƙofa ce damuwata." Ta ce manajan otal ya ce ɗalibar da ta rufe kanta a ɗakin baƙo ba za ta ƙara hawa bene a otal ɗinsa ba. Ta ce ta yi magana, ba a saurare ta ba. Ta ce, "Ke ce kika fi kowa iya shimfiɗa a cikin ƴan bana. Me ya kai ki?" Muryarta ta karye a ƙarshe. Ban taɓa zaton tana da muryar da ke karyewa ba.

Na mayar da rigar cikin leda.

Juma'a, da yamma

Malama ta sake kirana. Ta ce saura hanya ɗaya, kuma siririya ce. In na yarda na faɗi abin da ya faru a gaban manaja, ita da Anti Makulli za su tsaya mini. Ta ce otal ba ya son irin wannan magana ta fita waje. In an bi su a hankali, cikin sirri, za su iya yarda in ƙarasa makonnin da suka rage a sashen wanki, can ƙasa inda ba baƙi. Anti Makulli ta shaida mini, in samu satifiket ɗina. Ta ce, "Amma a hankali, ƴata. Ba hayaniya. In suka ji za a tona su, rufe ƙofa za su yi gaba ɗaya." An sa zama ranar Talata.

Na ce zan yi tunani.

Tunanin shi ne: ta yaya zan faɗa wa baƙin mutane abin da mijina bai sani ba? In kuma ya ji daga bakin wani?

Asabar, da hantsi

Na buɗe baki sau da yawa. Sai in ce masa sukari ya ƙare.

Lahadi, bayan la'asar

Na faɗa masa.

Yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran ƙafar fankarmu. Na naɗe hannun rigata na nuna masa. Shatin ya koɗe, ya koma ruwan ɗorawa, amma har yanzu ana gane yatsu ne. Na faɗa masa sauran, duka, ina kallon fankar. Na faɗa masa na ture baƙon na samu na fita, abin bai kai inda yake tsoro ba. Na faɗa masa maganar Malama, da sashen wanki, da zaman Talata, da cewa a hankali za a bi.

Bai ce me ya kai ki ba. Bai ce ai Yaya ta faɗa ba. Ya riƙe hannun nawa a tafinsa kamar abin da zai fashe. Ya ce, "Duk kwanakin nan ke kaɗai kike ɗauke da wannan, ni ina ta yi miki barkwancin kujera?" Idonsa ya yi ja. Na ce, "Don Allah ka ji abin da na ce game da Talata." Ya ce, "Na ji."

Na ji sanyi a raina wanda rabona da shi tun ranar. Wataƙila zai yiwu. Sashen wanki ba kafet, ba taga, sai tururi da ƙarar inji. Na yarda. Ko a ƙarƙashin ƙasa ne na yarda.

Litinin, da safe

Ya fita bai ɗauki jakar kayan aikinsa ba. Sai da ya yi nisa na lura.

Litinin, azahar

Ƴar Firit ta kira. Ta ce, "Mijinki ne mai tabon ƙuna a hannu?"

Ta ce ya shiga ta babbar ƙofa, inda ko mu ba a yarda mu bi ba. Ya tsaya a gaban teburin karɓar baƙi ya ce a ba shi sunan mutumin da inda yake. Suka ce ba sa bayar da bayanin baƙi. Ya ɗaga murya. Ya faɗi abin da aka yi wa matarsa a hawa na bakwai, a gaban baƙi da jakunkunansu, wasu har sun ɗaga waya suna ɗauka. Manajan otal ya fito, maigidana ya cakumi kwalarsa. Masu gadi suka fitar da shi.

Ta ce, "Ke, wallahi ni da wani zai yi mini haka..." Ba ta ƙarasa ba.

A littafi irin wannan shafin nake komawa in sake karantawa.

Litinin, bayan la'asar

Malama ta kira. An soke zaman gobe. Otal ya ce daga yau maganar ta koma hannun lauyansu, ba za su zauna da kowa ba, kuma sai sun sake duba ko za su karɓi ɗaliban kwalejinmu baɗi. Ta ce, "Na yi iya yina, ƴata." Na ce na sani. Ta ce sunana zai fita daga hanyar aiki a ƙarshen mako. In ina so, baɗi in nemi hanyar aji daga farko. Na ce to. Mu duka mun san yadda "to" ɗin yake.

Litinin, kafin magariba

Ya dawo a ƙafa. Rigarsa ta yage daga kafaɗa, leɓensa ya kumbura. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar yaron da ya yi faɗa a makaranta, bai san ko duka za a yi masa ko yabo ba. Na ɗebo ruwan ɗumi na goge masa bakin. Na sa ya cire rigar, na ɗauko zare da allura.

Ya ce, "Ban same shi ba. Amma duk sun ji. Ba wanda zai ƙara ce miki ɓarauniya."

Na ce eh.

Ya ce, "Goben ƙarfe nawa ne zaman naku? In raka ki. Wannan karon zan tsaya a waje, na rantse."

Ban iya faɗa masa ba tukuna. Na ci gaba da ɗinki. Ya daɗe yana kallon allurar tana shiga tana fita, sannan ya ce a hankali, "Na yi daidai ko?"

Na ciji zaren na tsinke shi. Na ce, "Ka yi daidai."